Wankin Mbah Tukijan

"Miƙo mini gorar nan, Nduk, ki daina tsayawa kina kallona kamar ba ki taɓa ganin tsoho ba."

Leda ta haɗiye shi har ƙugu. Hannu ɗaya yana riƙe da buhu, ɗayan ya ɗaga hularsa sama don kada ta ɓaci, sai ka ce hular ce abin tausayi. Na ajiye kwandon rogona a bakin hanya, na zaro sandar gora daga karyayyen shingen maƙabarta, na miƙa masa. Sai da na dogara ƙafata a jikin wani kabari, ina neman gafarar mai shi a zuci, kafin na iya jawo shi. Takalminsa ɗaya ya tsaya a ciki, har yau yana can.

"Mbah, in ka gaji da duniya ka faɗa mana mu haƙa maka kabari na ƙasa. Wannan wace irin binne kai ce?"

"Na ƙasan nake nema ai," in ji shi, yana haki. Ya nuna mini tsakiyar tulin da haɓa. "Kin ga ta yi fure?"

Na gani. Can a saman dutsen ledar, rassan itacen kamboja ne kaɗai suka leƙo waje, da fararen furanninsu. Sauran itacen yana ƙasa, kuma a gindinsa matar Mbah take kwance.

Mbah Tukijan maƙwabcinmu ne, Mbah kuwa shi muke ce wa kaka, mace ko namiji. Bango ɗaya ya raba ɗakin girkina da ɗakin kwanansa, in ya yi tari ina ji, in na soya tempe, wainarmu ta waken soya, yana ji, ya ƙwanƙwasa bangon ya ce gishirin ya yi kaɗan. Sunana Warsini, amma bai taɓa kirana da shi ba. Nduk yake ce mini, wato 'yata, tun ina yawo ba takalmi, bai kuma sake ba ko da na fara furfura. Shi da matarsa Mbah Lasiyem ba su haihu ba. Da ta rasu, da hannunsa ya dasa mata itacen nan, ya kuma kafa duwatsu ya kewaye fegin da ke gefenta. Kowa a ƙauyen ya san wurin na Mbah Tukijan ne. In an tsokane shi a majalisa cewa ba shi da gona, sai ya ce yana da fili ɗaya, kuma ba zai biya masa haraji ba.

Ledar kuwa da biki ta shigo mana. Ni ma na yi rawar kai ranar, ba zan ɓoye ba. Kafin nan duk damina sai ledar kasuwa da ta ƙauyukan da ke sama da mu ta toshe gadar rafi, ruwa ya dawo mana cikin gidaje, mu kwashe shinkafa da katifa mu ɗora a kan kabad. Sai hukumar ƙauye ta ƙulla yarjejeniya da wata masana'anta a bakin babban titi, mai narka leda ta mai da ita ƙwayoyi kamar shinkafa, a yi bokiti da kujeru da su. Ƙauye zai ba da fili ya tara, masana'anta ta aiko da mota ta kwashe. Aka kafa rumfa, aka tula shinkafar kurkum, dagacinmu Pak Lurah ya yanke kan tulin ya miƙa wa mutumin masana'anta, aka yi hotuna. Filin da aka bayar shi ne na bayan maƙabarta, wai matattu ba sa ƙorafin wari.

Da farko abin ya tafi daidai. Ruwa ya daina shigo mana gida, mata da yawa suka sami aikin tsintar leda suna ware ta. Sannan masana'anta ta aiko cewa mai laka da mai maiƙo tana ɓata musu inji, daga yanzu busasshiya mai tsabta kaɗai za su ɗauka. Wace leda ce ke fitowa daga kasuwar kifi da tsabta? Mota ta fara zuwa jefi-jefi, amma masu amalanke ba su fasa kawowa ko safiya ɗaya ba. Tuli ya zama tudu, tudu ya fi rufin masallaci. Da damina ta kankama, wata rana da hantsi ya zame, ya karya shinge, ya kwanta a kan layin kaburburan ƙasa.

Sauran masu 'yan uwa a layin suka yi kuka, suka yi faɗa, suka haƙura. In Alhamis ta zo sai su zuba furanninsu a gindin tudun su yi addu'a, su ce Allah ya san inda kowa yake. Mbah Tukijan ne kawai bai haƙura ba.

Ranar da na ciro shi, ko gida bai bari mun je ba. Da takalmi ɗaya, zaninsa yana ɗigar baƙin ruwa, ya ce in raka shi ofishin ƙauye. Muka yi sa'a, ko rashinta, mutumin masana'antar yana can yana shan kofi. Pak Gunarso sunansa, mutum mai ladabi, har ya tashi ya ba Mbah kujera.

"Pak Lurah, zan sa wa ledar nan wuta," in ji Mbah.

"Haba Mbah. Hayaƙin ya kashe mana yara? Ga doka, ga tara. Kuma kaburburan fa, a ƙona su tare?"

"To a kwashe a kai wani wuri."

"Ina? Gonar wa? Ka nuna mini wanda zai karɓa, yau ɗin nan zan sa a fara. Kuma duk ledar da ta hau sikeli ta zama ta masana'anta, ba ni da ikon taɓa ta."

Mbah ya juya ga Pak Gunarso. "To ku zo ku ɗauki kayanku daga kan matata."

"Mbah, wallahi ba ƙi muka yi ba. In muka zuba wannan a inji, tsayawa zai yi, ma'aikata su koma gida. A yarjejeniya ƙauye ne zai ware mana mai kyau."

"A hana masu amalanke kawowa mana," na ce, don bakina ba ya iya shiru.

Pak Lurah ya dube ni. "In sun daina kawowa nan, rafi za su zuba, Yu Warsini. Gidan wa ruwa yake fara shiga?"

Gidana yake fara shiga.

Mbah ya daɗe yana murza hularsa. Sannan ya ce, "In na wanke ta fa?"

Magatakarda ya ƙyalƙyale da dariya daga bayan teburinsa, ya mai da ita tari. Pak Gunarso bai yi dariya ba. Ya ce, "In ka wanke ta bushe, za mu ɗauka. Na yi maka alkawari."

Washegari na fito shanya na tarar igiyata ta cika da leda. Baƙa, ja, mai ratsi-ratsi, kowace an wanke ta ciki da waje, an juye ta, an maƙale ta da tsinken gora.

"Mbah, kayan 'ya'yana fa a ina zan shanya?"

"A kan shinge. Leda ba ta son shinge, tsagewa take yi."

Haka ya fara. Da asuba ya ɗauki buhu ya tafi maƙabarta, ya cika daga gefen da ya fi kusa da itacen, ya jawo zuwa rafi. Ya zauna a kan dutsen da Mbah Lasiyem take wanki a da, ya riƙa ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya. Ya zazzage ruɓaɓɓiyar shinkafa da ƙayar kifi, ya cuɗa da toka, ya ɗauraye, ya karkaɗe. Mutumin da matarsa ta mutu bai san inda take ajiye sabulu ba, shi ne ya zama babban mai wankin ƙauye. Ya ɗaura igiyoyi daga gidansa zuwa itacen mangwaro, daga mangwaro zuwa turken lantarki, har layinmu ya koma sai ka sunkuya za ka wuce. In iska ta taso, ƙarar ledar ba ta bari a ji kiran salla sosai.

Masu wucewa a babur suna yi masa ba'a.

"Mbah, in ka gama akwai ta gidana!"

"Kawo, har da bakin naka, in haɗa in cuɗa."

Mijina, Kang Dasuki, ya ce in rabu da shi, tsufa ne. Na ce to. Da yamma kuma sai ga Kang Dasuki yana taya shi ɗaure busassun dami-dami, yana cewa wai don a buɗe hanya ne kawai. Ni ma in na gama girki nakan kai masa shayi mai zaƙi da dafaffen rogo bakin rafi, in zauna in wanke abin da ya samu. Ba don na yarda zai kai ba. Zama a gida ina jin tarinsa daga nesa ya fi wankin wuya.

Pak Gunarso ya cika alkawari. Mota ta zo har ƙofar gida ta ɗauki damman Mbah, direban ya ce bai taɓa ganin kaya mai tsabta haka ba. Mbah ya tsaya yana kallonta har ta sha kwana, sannan ya juya ya kalli tudun. Daidai lokacin masu amalanke suna juye na ranar ta ɗaya gefen.

"Mbah," na ce, "abin da ka wanke tun sabon wata, su safiya ɗaya suke kawo shi."

"Na sani. Ai ba tudun nake wankewa ba, Nduk. Hanya nake wankewa. Faɗin makara kawai nake so."

Sai a lokacin na lura da abin da yake yi. Wani siririn lungu ya buɗe a cikin ledar, daga bakin shinge ya miƙe ya nufi itacen, ya tokare gefe da gefe da sandunan gora. In ka shiga, bangon leda ya fi ka tsawo dama da hagu, zafi kamar cikin tukunya, wari kuma sai ka toshe hanci da bakin zani. A ciki yake wuni.

Hannuwansa suka fara tsagewa, yatsun suka yi fari suka kumbura. Tarin da nake ji ta bango ya sauka ƙirji, ya yi nauyi. Na kai shi asibitin gunduma a bayan babur, suka ba shi magani suka ce ya nisanci bola da ruwan sanyi. A hanyar dawowa ya ce in sauke shi a maƙabarta.

"Ba zan sauke ka ba."

"To zan diro."

Na sauke shi. Na yi fushi ƙwarai, na ce masa matacciya ba ta san wanda ke gefenta ba, ƙasa duk ƙasa ce, Pak Modin ma mai wankan gawa haka ya faɗa a masallaci. Ya saurare ni har na gama.

"Gaskiyarki. Ita ba ta sani ba yanzu. Amma lokacin da na faɗa mata ta sani. Tana kwance ta ce mini, 'Pak, ni tsoron kaɗaici nake yi, ka san ko kasuwa ba na zuwa ni kaɗai.' Na ce mata ki yi gaba ki kama mana wuri." Ya gyara hularsa. "Ta kama. Sai in ƙi zuwa?"

Ban sake ce masa ƙasa duk ƙasa ce ba.

Ana gab da azumi, ranar da kowa ke zuwa share kaburburan iyayensa ya zuba furanni, ina durƙushe a kan na mahaifiyata a layin sama na ji yana kirana daga cikin lungun. Muryar ta sa na yar da tsintsiya. Na shiga ina toshe hanci, na same shi a durƙushe a ƙarshen hanyar. A gabansa, daga cikin ledar, kan allon kabari ya fito, baƙi wuluk da danshi. Yana goge shi da hularsa, hular nan da ko ruwan sama ba ya bari ya taɓa.

"Ga ta," ya ce. "Ba ta motsa ba. Duwatsuna suna nan ta wannan gefen, na taɓa ɗaya. Ki ba ni furen da ya rage miki."

Na ba shi. Ya zuba a gindin allon, ya yi addu'a doguwa, ni kuma ina kallon sandunan gorar da suka lanƙwashe a kanmu, ina roƙon ya gama. Da muka fito har waƙa yake yi ƙasa-ƙasa. Ya ce in Allah ya kai mu bayan salla zai gama share fegin, daga nan ya ajiye wanki, ya mayar mini da igiyata.

Bayan azahar hadari ya haɗu. Ruwan da aka yi ranar ba na wasa ba ne, har ya kai la'asar bai tsagaita ba. Da ya ɗauke, Kang Dasuki ya je ya dubo, ya dawo ya tsaya a ƙofar ɗakin girki. Lungun ya rufe, ko kan gora ɗaya ba a gani.

Mbah ya je ya gani da idonsa. Ya dawo ya kwanta, bai sake fita ba.

Zazzaɓi ya kama shi, ƙirjin ya riƙa kuka. Na mai da girkina gidansa, ina dama masa kunun shinkafa yana karɓar cokali ɗaya ya kau da kai. Ya ƙi a kai shi asibiti, ya ce in ya mutu can motar asibiti ba ta san hanyar maƙabartarmu ba. Wata safiya ya sa na kira masa mijina.

"Dasuki, daga karyayyen turken shinge za ku fara. Ku miƙe, kada ku bi hagu, can ruwa ne a ƙasa. In kun ga allon, duwatsun suna gefe."

"In Allah ya yarda, Mbah."

"Ba in Allah ya yarda ta ofishin ƙauye ba."

Kang Dasuki ya yi murmushi, idonsa ya ciko. "Za mu yi iya ƙarfinmu, Mbah."

"Nduk, na kan igiya sun bushe? Kada ki bari raɓa ta sake jiƙa su, ba za su ɗauka ba."

"Sun bushe. Ka kwanta."

Da hantsi, ina wanke kwanon kunu, na lura ban ji tari ba tun ɗazu. Na bar kwanon a cikin ruwa na shiga.

Kafin lasifikar masallaci ta gama sanarwar rasuwarsa, maza sun taru a bakin karyayyen turken. Ban taɓa ganin ƙauyenmu ya fito haka ba, har masu yi masa ba'a a babur, har masu amalanke. Pak Lurah ya tuɓe rigarsa ta ofis ya rataye a shinge, ya ce yau ba ruwansa da ko ledar ta wa ce, a kwashe a zuba a kan hanya, shi zai amsa. Pak Gunarso ya zo da kansa da mota, ya ce a loda mai datti ma, zai san abin da zai faɗa. Ya ce zai iya kawo motar haƙa. Aka duba, ba ta da hanyar shiga sai ta kan kaburburan layin sama, ba wanda ya yarda a taka masa uwa. Sai hannu da kwando.

Mu mata muna gida muna haɗa furanni, muna dafa wa masu aiki abinci, amma ni ƙafata ta ƙi zama, ina kai ruwa ina dawowa. Ledar ta sha ruwa ta yi nauyi, ta manne da juna. In sun buɗe wuri, na sama ya zamo ya cike. Sau ɗaya ya zo da ƙarfi ya binne wani mai amalanke har ƙirji, aka jawo shi yana aman baƙin ruwa. Suka koma suka ci gaba. Aka yi azahar, an yi wa Mbah wanka, an sa masa likkafani, yana kwance a tsakar ɗakinsa yana jira, su kuwa ko rabin hanya ba su kai ba.

Da rana ta karkata, hadari ya sake tasowa ta kan gonakin rake. Pak Modin ya je ya tsaya kusa da mijina.

"Dasuki, gawa ba ta jira. Kuma ba zan wanke mutum biyu yau ba."

"Kaɗan ya rage, Pak."

"Dubi itacen. Dubi inda kake."

Kang Dasuki ya duba. Ya ajiye kwandon, ya zauna a kan ledar, ya rufe fuska da hannuwansa. Tun da na aure shi ban taɓa ganin ya yi kuka a gaban maza ba.

A can ƙarshen layin sama aka binne Mbah Tukijan, gindin gora, wurin da ya fi ko'ina nisa da tudun, don can ne kawai ƙasa ta rage. Ina tsaye a baya da kwandon furanni. Baƙin ciki ya cika ni, da haushin da ban san wanda zan ɗora wa ba, don duk wanda zan zaga yana nan tsaye da laka har gwiwa. Aka yi addu'a, aka watse da sauri saboda yayyafi ya fara.

Ban bi su ba. Na ɗaure zanina sama, na ɗauki sandar gora, na hau tudun ta gefen da ya fi tauri. Ƙafata tana nutsewa ina zarowa, ina dogara sanda, ina faɗa wa kaina cewa in na nutse ba mai miƙo mini komai. Da na kai rassan, na zaɓi ɗaya mai kauri da fure a kansa, na karya. Kamboja ba ta da wuya, in ka soka reshenta a ƙasa mai danshi kamawa take yi. Na gangaro da shi a ƙirji, farin ruwansa yana ɗiga a hannuna, na ratsa maƙabartar har gindin gora, na tona da yatsu a wajen kan kabarin Mbah, na dasa, na danne ƙasar.

Da na iso layinmu yayyafin ya ɗan ƙaru. Ledojinsa na ƙarshe suna nan a kan igiyata, baƙa da ja da mai ratsi-ratsi, kowace da tsinken gorarta. Na fara cire su ɗaya bayan ɗaya, ina ninkewa, kafin su jiƙe.